Daga Bakin Rumfa: Haƙorin ƙarshe, a cire ko a bar shi?

Yau kan haƙori za mu tattauna, domin ciwonsa na iya rufe wa mutum rumfa mako guda.

Baligi yana da haƙora 32. Guda huɗun ƙarshe, turamen da ke can ƙurya, sukan fito ne tsakanin shekara 17 zuwa 25, shi ya sa masu Turanci a Gana da masu Faransanci a Kamaru da Nijar duk suke ce masa haƙorin hikima. Da yake shi ne autan haƙora, sau da yawa yakan tarar wuri ya cika. Sai ya fito a karkace, ko ya kwanta ya tokari na gabansa, ko ya maƙale cikin dasashi rabinsa a waje.

To, a cire ko a bari? Likitocin ma ba bakinsu ɗaya ba. A Ingila, tun shekarar 2000 aka ba su ƙa'ida cewa haƙorin da ya maƙale amma ba ya jawo wata cuta, a bar shi a riƙa duba shi. A Amurka kuwa sun fi son cirewa tun mutum yana matashi, lokacin da saiwar ba ta gama kamawa ba kuma ciwon ya fi saurin warkewa. Ni dai na fi karkata ga na farko: wanda bai dame ka ba, kada ka dame shi, amma fa sai hoto ya nuna lafiya yake.

Wanda rabinsa ke waje shi ne ɗan rigima. Abinci yana shiga ƙarƙashin fatar dasashin da ta rufe shi, inda buroshi da asuwaki ba sa kaiwa. Sai kumburi, sai warin baki, wani lokacin ma buɗe baki ya gagara. In hakan ya dawo sau biyu ko fiye, ko haƙorin ya ruɓe, ko ya fara ɓata na gabansa, lokacin cirewa ya yi. Ka tuna na gaban nan da shi kake tauna nama, kada ka yi asarar biyu garin jin tsoron ɗaya. Maganin kemis da kanumfari lallashi kawai suke yi, ciwon zai dawo.

Cirewar ma da nata. Jijiyar da ke kai ji ga leɓen ƙasa da haɓa ta bi ta kusa da saiwar, ta harshe ma ba ta da nisa. In an taɓa su wurin yakan dinga jin kamar ya mutu, galibi na makonni ko watanni, jefi-jefi har abada. Don haka wannan ba aikin mai cire haƙori a tasha ba ne, ga kuma haɗarin ɗaukar ciwon hanta daga ƙarfen da ba a dafa ba. A nemi likitan haƙori, a yi hoto tukuna. Na Kumasi akwai asibitin Komfo Anokye, na Ankara akwai Korle Bu. Mai ciwon suga, ko hawan jini, ko mai shan maganin tsinka jini, ko mai juna biyu, a faɗa wa likita kafin ya fara.

Mu fatake, lissafin lokaci shi ne namu. Kada ka cire yau ka hau motar Lome ko Kwatano gobe. Ware kwana uku zuwa mako, kuma kada ya faɗa kasuwar jajibirin Salla. Ranar farko ba kurkure baki, domin jinin da ya daskare a ramin shi ne murfinsa. In ya fita, bayan kwana biyu ko uku za ka ji zogin da ya fi na farko. Daga washegari sai ruwan ɗumi da gishiri a hankali. A dakata da taba da goro, a koma kunu da koko marasa zafi.

Abu ɗaya ne ba ya jira: kumburin da ya gangaro ƙarƙashin haɓa ko wuya, da zazzaɓi, da wahalar haɗiya ko numfashi. Wannan ko tsakar dare ne a tafi asibiti, domin yana iya toshe maƙogwaro. Iyaye mata, ku lura da samari da 'yan matan gida, su ne a shekarun, kuma su ne masu ɓoye ciwo.

Allah Ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka. Sai mako mai zuwa.