Kifin Ƙanƙara Da Masuntanmu

Ranar Asabar da ta wuce na sauka kasuwa nan Rigacikun neman karfasa don baƙin da suka zo mini. Na zaga ban sami ko ɗaya ba, sai kifin ƙanƙara tuli a kan tebura. Da na tambayi wani dattijon masunci, abokin mahaifina, dalili, sai ya ce shi ya rataye komarsa, 'ya'yansa kuwa sun koma acaɓa.

To, jama'a, ruwa ba ya tsami banza. Wannan kifi da muke kira taitus, manyan jiragen ruwa ke kamo shi a tekun ƙasashen Turai, kamar Norwe da Holan. A daskare ake sauke shi Ikko, motoci su hauro da shi Kaduna. Mai kwalekwale ɗaya ba shi da ƙarfin jayayya da su wajen yawa, balle araha.

Amma fa kada mu ɗora wa baƙi laifin duka. Wane ne ke zuba guba a kogin Kaduna don ya kwashe kifi dare ɗaya? Wane ne ke su da gidan sauro, yana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su kai yatsa ba? Ai mu ne.

Ku dubi Argungu. Tun 1934 ake bikin su a can, kuma abin da ya sa ake fid da giwan ruwa a Matan Fada shi ne, ana hana su a wurin sai lokacinsa ya yi.

A ganina, abin da ya rage wa masuncinmu shi ne ɗanyen kifi mai daɗi da banda mai kyau, waɗanda jirgi ba ya kawowa. Saboda haka ina roƙon hakimai da dagatai su ƙarfafa wa sarakunan ruwa, a hana su da damina sa'ad da kifi ke ƙwai, a kogin Kaduna da dam ɗin Kangimi, a kuma hana guba da raga mai ƙananan idanu. Malaman makaranta kuwa su bayyana wa yara dalili.

In mun yi sakaci, jikokinmu sai dai su ji sunan kurungu a tatsuniya. Allah ya kiyaye, amin.