Kama Da Wane Ba Wane Ba Ce: Kula, Tsiro Da Zargin Dafa Pito



A watan jiya wani abin takaici ya faru a unguwarmu a Kumasi, mun kuwa yi shiru har shirun ya soma zama tarayya cikin laifi. Wata dattijuwa ce da mijinta ya rasu, shekara da shekaru tana sayar da kunun zaƙi a bakin hanyar masallaci, da shi take ciyar da marayunta. Ɗanta mai koyon aikin famfo ya ga a waya yadda Amurkawa ke mayar da kular ruwan sanyi tukunyar jiƙa tsiro, sai ya kwaikwaya, ya haɗa wa mahaifiyarsa irinta. Maƙwabta suka hango tsiron dawa a shanye a kan tabarma, ga kula da bututu, ga tururi yana tashi. Kafin Juma'a ta zagayo, labari ya game layi cewa Hajiya ta koma dafa pito. Masu saye suka janye, aka hana yara zuwa wurinta. Har yau ba mu ji wanda ya je ya buɗe kular ya leƙa ba.

Mun zo ne mu ce an zalunci wannan baiwar Allah, kuma abin da ya haifi zaluncin shi ne mun jahilci sana'ar da iyayenmu mata suka ƙware a kanta tun kafin a ƙera kula.

Bari mu fara da abin da yaron ya gani, domin ba za mu ɓoye asalinsa ba. Dabarar ta masu dafa giya ce. A watan Oktoba na 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba Ba'amurke damar dafa giyar shansa a gida, har galan 100 a shekara ga baligi ɗaya. Daga nan abin ya zama sha'awar mutane masu yawa, suka shiga neman kayan aiki masu araha. Matsalar da suka fuskanta ita ce, idan aka dama niƙaƙƙen tsiron sha'ir da ruwan zafi, dole damun ya tsaya a wajejen digiri 65 zuwa 68 a ma'aunin Salshiyas har kimanin awa guda. Tukunyar da ke kan wuta ba ta iya wannan, ko dai gindinta ya ƙone ko samanta ya huce. Sai suka lura cewa kular da ke tsare sanyin ƙanƙara tana tsare zafi ma. Suka ɗauki mai cin galan 5 ko 10, wato lita 19 ko 38, suka kwance ɗan famfonta na roba, suka ɗaura na ƙarfe. Daga ciki suka maƙala masa saƙaƙƙiyar wayar nan marar tsatsa da ke lulluɓe tiyon ruwa, ko bututun jan ƙarfe da aka tsattsaga da zarto, domin ruwa ya wuce dusa ta tsaya. A zuba ruwan da ya ɗan haura digiri 70, kamar lita 3 ga kowane kilo na tsiro, a juya, a rufe. Bayan awa guda zafin bai ragu da fiye da digiri ɗaya ko biyu ba. A buɗe famfo, ruwan zaƙi ya tsiyayo. Iyakar aikin kula ke nan.

Me ke faruwa a cikin wannan awar? Ƙwayar hatsi idan ta soma tsiro takan samar da wasu sinadarai, masana na ce musu amilas, waɗanda ke narka sitacin cikinta ya koma sukari don ciyar da ɗan tsiron. Idan aka shanya tsiron ya bushe, sinadaran sukan kwanta, su farka in sun ji ruwan ɗumi. Zafi ya yi ƙasa, aikinsu ya yi sanyi. Ya kusa digiri 80, su mutu. Abin da ke fitowa daga kula ruwan hatsi ne mai zaƙi, babu ɗigon maye a cikinsa, kuma ba ya yiwuwa a samu, domin yis ɗin da ke mayar da sukari barasa ba ya rayuwa a irin wannan zafi. Sai an tafasa ruwan, an huce shi, an zuba masa yis, an ajiye shi yis ya ci sukarin, sannan ya zama giya. A wannan mararrabar hanyarmu ke rabuwa da ta mashaya.

Yanzu kowa ya tuna yadda kakarsa take kunun zaƙi. Takan jiƙa gero ko dawa, ta niƙa, ta raba ƙullun gida biyu. Babban kason ta kwara masa tafasasshen ruwa ya yi kauri, ta bar shi ya sha iska. Ƙaramin kason kuwa ɗanye ne, an niƙa shi da tsiron shinkafa ko busasshen dankali, tare da citta da kanumfari. Sai ta sa hannu ta taɓa gefen ƙwaryar, ta ji zafin ya sauka daidai, sannan ta haɗe su ta rufe. Kunun da ya yi kauri sai ya tsinke da kansa, ya yi zaƙi ba tare da ko cokali ɗaya na sukari ba. Sunansa ma daga nan ya samo shi. Abin da Ba'amurke ke aunawa da ma'aunin zafi, ita da tafin hannu take auna shi. Ta kuma warware wata matsala da shi bai gamu da ita ba: sitacin dawa ba ya nuna sai a zafin da ya ɗara na sha'ir, zafin da ke kashe amilas. Shi ya sa take dafa kaso ɗaya daban, ta adana ɗanyen da ke ɗauke da sinadarin, ta haɗa su daga baya. Maƙwabtanmu matan Dagati da na Farafara masu dafa pito su ma haka suke yi: su tsiyaye ruwan saman damun su ajiye, su tafasa na ƙasa, su mayar. Ilimin guda ne, inda aka kai shi ne ya bambanta.

To, ina laifin Hajiya? Ɗanta ya ba ta mazubin da zai riƙe zafi daidai, kunun ya yi zaƙi cikin awa ɗaya ko biyu maimakon ya kwana. In ma tsoron maye ne, tsohuwar hanyar ta fi kusa da shi, domin ƙullun da ya kwana a rufe yana hucewa har ya kai ɗumin da ƙwayoyin tsami da yis ke so. Ba mu taɓa jin wanda ya zargi kakarsa a kan haka ba.

Za a ce mana, ai mu 'yan tsiraru ne a ƙasar da ake sayar da pito da akpeteshie a kowane lungu, kuma abin da ya tsare zango shekaru aru-aru shi ne nisantar duk abin da ya yi kama da giya. Za a ce mazhabarmu ta Malikiyya ta san toshe kafa. Mun yarda, kuma ba mu raina wannan tsoron ba. Za mu ma ƙara wa masu wannan magana hujja. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya wuce ta inda aka hana jiƙa dabino ko zabibi a cikin duma da mazubin da aka shafe da kwalta. Ashe shari'a ta taɓa magana a kan mazubi. Amma malamai sun bayyana dalili: waɗannan mazubai suna gaggauta jiƙon ya ƙulle ya zama mai sa maye, mai shi bai ankara ba. A cikin Sahihu Muslim kuma, ruwayar Buraida ta nuna cewa mazubi ba ya halatta abu ba ya haramta shi, abin da ke sa maye shi ne haramun. A littafin dai, Ibn Abbas ya ba da labarin cewa akan jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi ya sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya ragu bayan nan ba ya shan sa. Darasin a fili yake: a lura da lokaci, a lura da ɗumi, kada a bar abin zaƙi ya daɗe a rufe. Wanda ya san yadda yis ke aiki shi ya fi iya kiyaye wannan iyaka. Wanda bai sani ba shi ne ke sayar mana da kunun da ya kwana biyu a gorar roba cikin rana, gorar ta kumbura, murfin yana huci, mu kuma mu sha mu ce yau ya yi daɗi. Hukunci na malamai ne, muna kuwa roƙon su da su tambayi masu sana'ar kafin su hau mumbari da ita.

Batun cewa samari za su koyi dafa giya daga kula kuwa, mu gaya wa juna gaskiya. Saurayin da ya yi niyyar sha, gidan pito bai fi tafiyar minti kaɗan daga zango ba. Ba zai tsaya jiƙa dawa kwana da kwanaki ba.

Mu dubi 'yan uwanmu na Sudan, inda Hausawa masu yawa suke zaune. Abin shan da ya fi shahara a buɗa bakinsu shi ne hilu-mur. Da tsiron dawa ake yin sa, mata kan fara shanya tsiron tun watan Sha'aban, a bainar jama'a, ba mai yi musu kallon masu dafa marisa, alhali marisar ma daga dawa take. Sun san inda hanya ta rabu, sun tsaya a nasu ɓangaren hankali kwance.

Mu kuwa gudun gara muka faɗa gidan zago. Ba suna ko walima a zango da ba a jera kwalaben Malta. Mene ne a cikin kwalbar? Ruwan tsiro ne da aka dafa, aka ƙara masa sukari da launi da iskar gas, aka hana yis kusantar sa. Su wa ke yin sa? Kamfanonin giya, da irin tukwanen jiƙon da ake dafa giyar. Ba mu ce haramun ne ba, mu ma muna sha. Abin da muke tambaya shi ne, ta yaya ruwan tsiron da ya fito daga kamfanin giya ya zama abin karrama liman, wanda ya fito daga kular uwar marayu kuma ya zama abin kunya? Tun da Nijeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 kamfanonin can suka koma ga dawa, wato hatsin kakanninmu. Su sun ɗauki iliminmu sun sa a kwalba, mu muna korar mai shi daga bakin masallaci. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Akwai kuma maganar aljihu. Kusan duk sukarin da ake sha a Gana daga waje ake shigo da shi, masana'antar Komenda da aka sake buɗewa a 2016 ba ta daɗe tana aiki ba ta tsaya. Duk lokacin da sidi ya faɗi, mai kunu ce ke fara ji. Shi ya sa yawancin kunun da ke kasuwa yau ƙullu ne tsararo da aka tsuga wa sukari, wani ma da ɗan zaƙin leda mai barin ɗaci a maƙogwaro. Tsiro kuwa a tsakar gida ake yin sa, da dawar da ta zo daga Tamale ko Bolga. Kada dai mai ciwon sukari ya ruɗu, zaƙin tsiro ma sukari ne.

Ga masu son gwadawa, akwai abubuwan kiyayewa. Tsiron dawa yana ɗauke da guba a ɗan ganyensa da saiwarsa, irin wadda makiyaya suka sani a gyauron dawa mai kashe shanu, don haka a murje su tas bayan ya bushe, a sheƙe. Kada a kwara tafasasshen ruwa kai tsaye cikin kula, robar ciki takan lanƙwashe. A dafa babban kason a tukunya, ya ɗan huce, sannan a juye. Da zarar zaƙi ya fito a tace, a tafasa, a sanyaya, a sayar a ranar. A wanke famfon da wayar ciki kullum, domin a nan tsami ke ɓuya.

Yaron ma yana da nasa kuskuren. Ya riƙa nuna wa abokansa hoton Turawa riƙe da kofunan giya yana cewa irin nasu ya yi, alhali an umarce mu da mu nisanci wuraren zargi. An ja masa kunne, ya ji. Amma kuskuren yaro ba ya halatta cin naman mahaifiyarsa. Waɗanda suka yaɗa maganar a rukunonin WhatsApp sun san kansu. Ƙofar gidanta a buɗe take, kular tana nan a gindin bango. Su je su buɗe, su ɗanɗana, in sun ji maye su fito su faɗa wa duniya. In ba su ji ba, su koma inda suka yaɗa ƙaryar su warware ta, su nemi gafararta tun tana raye, su kuma mayar da yaransu layin saye.

Mu sauran kuma, duk mai tsohuwa a gida da ta san aikin tsiro, ya zauna kusa da ita a wannan makon ya tambaye ta kwana nawa ake jiƙawa, da me ake rufewa, yaya hannu ke gane zafin ya yi. A rubuta a ajiye a nan ƙasa, mu ga yadda na Kumasi ya bambanta da na Garwa da na Injamena.

Allah Ya tsare mana harsunanmu daga mutuncin bayinSa, Ya sanya albarka a sana'ar iyayenmu mata. Amin.