Mujiya Ba Ta Faɗa: Darasin Ɗan Aike A Wasan Yaranmu

Tambayar wannan mako daga wata uwa ta fito. Ta ce ɗanta da ke karatu a Jami'ar Paraku ya dawo hutu da wani wasa, kullum bayan la'asar sai ya tara ƙannensa a zaure da takardu da fensir, ta riƙa jin ana cewa "na aiki mujiyata". Shin tsafi yaran nan suke koyo ko me?

Hajiya, kwantar da hankalinki, bari in yi bayani gwargwadon abin da na gani, don na zauna na kalli irin wannan zama fiye da sau ɗaya.

Sunan wasan Dungeons & Dragons, masu karatun Faransanci kuma suna ce masa Donjons et Dragons. Wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da shi a 1974. Tatsuniya ce da ake yi da lissafi. Mutum ɗaya ne jagora, shi ke ba da labari, ya ce ga daji, ga 'yan fashi sun tare hanya. Sauran kowa da tauraronsa a rubuce a takarda: wannan mayaƙi, wancan ɓarawo, wani mai sihiri. In ka ce za ka kai sara, sai ka jefa ɗan ludo mai fuska 20, lambar da ta fito ita ke nuna ka samu ko ka kuskure. Babu wani surkulle da ake karantawa, lambobi ne da fensir. Kuma ba mu muka fara tsorata ba. A shekarun 1980 iyaye a Amurka sun tayar da ƙura sosai, har kamfanin ya cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989.

To ina mujiya ta shigo? A dokokin bugun 2014, mai sihiri na iya samun wata 'yar dabba mai yi masa hidima. Ni ɗan aike nake kiranta. A cikin labarin yana kashe zinari 10 wajen sayen gawayi da turare da ganyaye, ya ƙona a kaskon tagulla, ya jira awa ɗaya. Sai ya zaɓi siffa: kyanwa, ɓera, jemage, hankaka, shaho, ƙadangare, kwaɗo, gizo-gizo, mujiya da sauransu. Doka ta farko, wadda sababbin shiga kan manta, ita ce ɗan aike ba ya kai hari. Ba a ba shi wannan damar ba sam.

In ba ya faɗa, meye amfaninsa a fagen daga? Abu uku ne.

Na farko ido. Muddin yana cikin mita 30, maigidansa na magana da shi a zuci, yana ma iya gani da idonsa, ya ji da kunnensa. Amma akwai farashi: lokacin da yake kallo ta idon mujiya, shi kansa makaho ne kuma kurma, sai abokai sun tsare shi. Masu wayo kafin a shiga kwazazzabo suke tura ta, ta ƙirgo abokan gaba, a san ta inda za a ɓullo. Gani ya kori ji.

Na biyu taimako. Ɗan aike na iya zuwa dab da abokin gaba ya ɗauke masa hankali. In ya yi haka, wanda zai kai hari na gaba sai ya jefa ɗan ludo sau biyu ya ɗauki lambar da ta fi girma. Ku 'yan kasuwa ku auna da kanku: saran da damar samunsa 50 ce cikin 100, da jifa biyu ta koma 75. A nan ne mujiya ta yi wa sauran zarra, duk da baƙin jinin da take da shi a wajenmu. Sauran dabbobin in sun juya za su gudu, abokin gaba na da damar kai musu duka. Ita kuwa doka ta ba ta damar ta sauko, ta kaɗa fiffike a fuskar mutum, ta tashi abinta ba a taɓa ta ba. Ga ta da gani a duhu.

Na uku isar da saƙo. Akwai sihirin da sai an taɓa mutum yake aiki. Mai sihiri a wasan nan ba shi da ƙwari, in ya matsa kusa kashinsa ya bushe. Sai ya tsaya daga nesa, ɗan aike ya kai taɓawar a madadinsa.

Sai dai fa makin ran mujiya ɗaya ne tak. Kibiya guda ta ishe ta. Jagora mai hankali in ya ga ana yi masa wannan dabara zagaye bayan zagaye, sai ya sa maharbi ya ɗana baka ya jira saukowarta. Shi ya sa gwanaye ba sa tura ta kowane zagaye. Suna ajiye ta sai harin da ya fi muhimmanci, in wuri ya yi zafi kuma su janye ta gaba ɗaya. Na ga wani ƙaramin yaro da ya dage sai mujiyarsa ta shiga tsakiyar 'yan fashi, yayansa na hana shi yana ƙi. Jifa ɗaya aka yi ta ɓace, suka ƙarasa tafiyar a cikin kogo babu mai duba musu gaba.

Wannan shi ya kawo ni ga abin da ya fi damuna, kuma da mu iyaye maza nake. Mu ma muna da 'yan aike. Wane ɗan kasuwa ne a Malanville ba shi da yaron da ke zagaya masa kasuwa ya jiyo farashin albasa ko masara kafin ya saki kayansa? Aiki ne mai daraja, da shi yawancinmu muka fara. Amma bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, da aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya, harka ta koma kan kwale-kwale, kuma na ga yadda aiken ya sauya. Yaron da jiya aikinsa jiyo farashi ne, sai ga shi an ɗaura masa kuɗi a ƙugu, an ce ya haye ruwa da magariba, wai shi ba a cika kula shi ba. Wani ma da damina, kogi ya cika ya batse, jirgi ya sha kaya, yaro bai iya iyo ba, babu rigar ruwa.

Wasan yara ma ya san cewa wanda ka aika ya gano maka hanya ba shi za ka tura gaban kibiya ba. A takarda, in mujiya ta faɗi, zinari 10 da awa ɗaya sun dawo da ita. Ɗan mutum fa? Yaro ya yi aiken cikin gari da rana, ya koyi ciniki a gefenka. Hayen ruwa da kuɗi masu nauyi na manya ne, in kuwa ba za ka iya zuwa da kanka ba, waya ta wadatar, ga dillalai amintattu a kowane tsallake.

Game da wasan kansa, ga sharuɗɗan da nake ba iyaye. Kada a sa ko dala, don da zarar kuɗi ya shiga ya zama caca. In an kira salla a tashi. Maganar jefa ɗan ludo kuwa malamai sun yi bayani a kanta, kowa ya tambayi malaminsa ya bi abin da ya ce masa. In ambaton sihiri ne bai kwanta muku ba, jagora na da ikon sauya labarin: tauraro ya zama maharbi da shahonsa, ko madugu da yaransa a hanyar Gwanja. Kuma ku leƙa zauren wata rana ku saurara, za ku ji wane yaro ne mai haƙuri, wane ne mai gaggawa, abin da zai yi muku amfani ranar da za ku fara danƙa musu shago.

Allah ya tsare mana zuri'a, ya sa albarka a nema. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.