Araha Ce Ƙofar: Giyar Leda, Ƙwaya da Ɗalibanmu

Duk wanda ya yi zaman kwaleji a ƙasar nan ta Gana ya san ƴan kantunan katako da ke jere a bayan katangar makaranta. Nan ake sayen burodi da gari da sukari da katin waya. Lokacin da nake kwalejin horar da malamai, a nan muke rage dare. Kuma a nan na fara ganin yadda ɗalibi zai miƙa ƴan canjinsa, a zaro masa leda ƙarama daga ƙarƙashin tebur, ya cije bakinta, ya zuƙe kafin ya kai ƙofar ɗakin kwana. Kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa da wake ba. Ɗaya daga cikin abokan karatunmu, yaro mai kaifin kai, ɗan gidan malamai, ta nan ya fara. Daga leda ya koma ƙwaya. Bai kai shekarar ƙarshe tare da mu ba.

Shekaru sun wuce, yau ina riƙe da alli a gaban aji, kuma yaran da na koyar suna shiga kwalejoji da jami'o'i. Abin da na fahimta shi ne, mun daɗe muna kallon shaye-shaye a matsayin matsalar tarbiyya kaɗai. Tarbiyya tana ciki, babu musu. Amma akwai wani abu da ba mu cika faɗa a masallaci ko a taron unguwa ba: farashi da doka su ne ke yanke hukuncin ko abin zai iso hannun yaro cikin sauƙi ko ba zai iso ba.

Ɗalibi ba mai kuɗi ba ne. Abin da ke aljihunsa ɗan guzurin gida ne, ko alawus ɗin gwamnati idan ya fito. Ba zai iya sayen babbar kwalba ba. Masu sana'ar sun san haka sarai, shi ya sa suka yanka ta ƙanana, suka zuba a leda, suka sa mata sunan maganin gargajiya mai ɗaci, wai tana ƙara kuzari. Haka mai ƙwaya ba ya cewa sai ka sayi kwali, ɗaya-ɗaya yake ɓallewa. Wato abin dubawa ba kuɗin kwalba ba ne, kuɗin gwaji na farko ne. Idan gwajin farko ya yi daidai da kuɗin trotro, to an buɗe wa yaro ƙofa.

Wasu daga cikinmu za su ce, "Malam, giya ai ba tamu ba ce, mu Musulmi ne." Haba jama'a, mu daina ruɗin kanmu. Yaron Zango da ke tsoron a ji warin giya a bakinsa, shi ne ke komawa ga abin da ba shi da wari. Zai haɗiye tiramol, ya kora da lemon ƙarin kuzari, ya yi alwala ya shiga sahu, babu wanda ya sani. A Nima da Mamobi, a Aboabo da Sabon Zangon Kumasi, a Ashaiman da Tamale, kowa ya ji sunan "Red". Wani na sha don ya kwana yana karatun jarrabawa, wani don ya jure aikin gini ko tuƙin babur da yake yi ya biya kuɗin makaranta. Kafin ya ankara, jiki ya saba, ba ya iya tashi sai da ita.

Mu duba abin da doka ta yi. A 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, ta kuma ƙara tsaurara sayar da tiramol. Ƙarfin da aka amince da shi a asibiti miligiram 50 ne da 100, amma wanda ke yawo a tasha da lungu 120 ne, da 225, har 250. Da aka matsa wa tiramol lamba, ƴan kasuwar ba su rufe shago ba, sai suka sauya kaya. A watan Fabrairun 2025 binciken BBC ya bankaɗo wani kamfani a birnin Mumbai na Indiya yana haɗa ƙwaya daga sinadarai biyu, ɗaya mai kashe zafi da ya fi tiramol ƙarfi, ɗaya mai sassauta jijiya, yana turowa Gana da Najeriya da Kodebuwa. Haɗin nan na iya tsayar da numfashi ko ya jawo farfaɗiya. Bayan an fallasa ne Indiya ta hana yin sa. Darasin a fili yake: dokar da ta kama suna ɗaya ta bar hanyar shigowa a buɗe, sunan kawai ta canja wa matsalar.

A ɓangaren giya ma an taɓuka wani abu. Hukumar kula da abinci da magunguna ta hana fitattun mawaƙa da ƴan wasa tallar giya, aka kai ta ƙara, Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya a 2024. An kuma hana tallar a rediyo da talabijin daga ƙarfe shida na safe zuwa takwas na dare. Madalla. Sai dai ɗalibin yau ba ya zaune gaban talabijin, yana kan TikTok da Facebook. Kuma talla ko babu talla, ledar tana nan a bakin katanga da arahar da muka sani.

Shin taɓa farashi yana aiki? Akwai inda aka gwada. A 2018 yankin Sikotilan na Birtaniya ya kafa mafi ƙarancin kuɗin da za a iya sayar da kowane awo na barasa, ta yadda mafi arahar giya ce ta fi jin tsadar. Hukumar lafiyarsu ta ƙiyasta cewa mace-macen da giya ke haddasawa kai tsaye sun ragu da kusan kashi 13 cikin ɗari idan aka kwatanta da abin da zai faru da ba a yi dokar ba. A 2024 suka ƙara kuɗin. Maƙwabciyarmu Najeriya kuwa ta bi ta wata hanyar, ta ce a daina zuba giya a leda da ƙananan kwalabe da ba su kai mililita 200 ba. Kamfanoni suka yi ca, suna kukan ma'aikatansu za su rasa aiki, aka yi ta ɗage wa'adi. Wannan ma darasi ne: duk dokar da za ta taɓa aljihun manya sai ta sami masu tsaya mata.

Akwai masu cewa idan aka tsadantar da giyar kamfani, mashaya za su koma ga akpeteshi, wadda ake dafawa a ƙauye babu mai auna ƙarfinta. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, bai kamata a yi watsi da ita ba. Amma amsarta ba a bar ledar da araha ba ce. Amsarta a haɗa matakan wuri guda, kada a toshe rami ɗaya a bar uku.

Don haka muke kira. Majalisa ta hana giyar leda, ko ta sa mata farashin da ɗalibi zai yi tunani sau biyu. Majalisun gundumomi su daina ba da lasisin sayar da giya a jikin katangar makaranta, su kuma aiwatar da dokar da ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. A sa ido sosai a tashar jirgin ruwa ta Tema da iyakokin Aflao da Paga, domin ƙwayar da ta shigo da kwantena ba a kama ta a aljihun yaro. Dokar miyagun ƙwayoyi ta 2020 ta yi daidai da ta sassauta wa mai sha ta ɗauke shi a matsayin mara lafiya, amma ina za a kai shi? Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku na gwamnati, na Akra da Pantang da Ankaful, duk a kudu suke. Uwa a Bawku ko Wa ta ɗauki ɗanta ta nufi ina? Kowace kwaleji kuma tana bukatar mai ba da shawara da ɗalibi zai je wurinsa ba tare da tsoron kora ba.

Saura namu. Mai shagon da ke ɓallar ƙwayar nan ba daga sama ya faɗo ba. Maƙwabcinmu ne, muna gaisawa da shi, wani lokaci ma shi ke ba da gudummawa mafi tsoka a maulidi. Matasan Tamale sun kafa ƴan sa-kai suna farautar dillalai, abin da ke nuna an kai jama'a bango, ko da yake aikin hukuma ne, kuma duka ba ya warkar da wanda ya kamu. Sarakunan Zango da limamai suna da murya. Ƴan siyasa na zuwa ƙofarsu duk lokacin zaɓe. A wannan karon, bayan maganar kwalbati da kujerun Hajji, a tambaye su: me za ku yi game da ledar nan da ƙwayar nan?

Iyaye, in yaro ya dawo hutu, ku dube shi da kyau. Ku tambaye shi abin da ake sayarwa a bayan makarantarsu da nawa ake sayarwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan araha ce. Wanda ke kwaleji yau, gobe shi za mu damƙa wa ƴaƴanmu a aji. Allah Ya shirya mana zuri'a.