ZANCEN GIDA: Baƙin da Ke Kwana Cikin Silin

A wannan wata zancenmu zai hau sama, tsakanin silin da kwano, inda waɗansu baƙi suke kwana ba tare da sun yi mana sallama ba. Jemagu muke nufi. Za mu fara da ba ku labarin kuskuren da mu kanmu muka yi, domin kada ku maimaita shi.

Shekarun baya ɗakin 'yan aji huɗu na makarantarmu ya gagari zama. Wari ya cika shi, baƙin kashi kamar ƙwayar shinkafa yana zubowa bisa littattafan yara, da rana kuwa ana jin tsiwa a cikin silin. Aka kira taron malamai da dattawan ikilisiya. Wani ya ce a sayo maganin feshi a gama da su gaba ɗaya. Duka muka ɗaga hannu, ba wanda ya ƙi. Aka fesa ran Jumma'a da yamma. Da muka komo ran Litinin, warin mushe ya fi na da. Waɗanda ba su ƙarasa mutuwa ba suna ta jan ciki a filin wasa, yara suna ɗaukarsu da hannu. Kyanwar mai gadi ta ci ɗaya, ta mutu. Sai da muka rufe ajin mako biyu, aka ɓalle silin aka kwashe. Amma kafin damina ta wuce, waɗansu jemagun sun tare a wurin, gama ramin da na fari suka bi yana nan yadda yake. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Mun kashe baƙi, mun bar ƙofa a buɗe.

Ba mu kaɗai muka yi wannan wauta ba. A ƙasar Uganda akwai wani ramin haƙar ma'adinai da ake kira Kitaka, inda dubban jemagu suke zaune. A 2007 waɗansu ma'aikatan wurin suka kamu da mugun zazzaɓin Marburg, wanda jemagun kogo suke ɗauke da shi. A 2008 mutane suka kashe jemagun da yawa, suka ce an huta. Amma waɗansu suka zo suka cika ramin. A 2012 cutar ta ɓulla a garin Ibanda da ke kusa, da masana suka gwada sababbin jemagun kuwa, sai suka tarar masu ɗauke da cutar a cikinsu sun ninka na da fiye da sau biyu. Kisa bai kawo lafiya ba.

To, kafin mu kori baƙo, ya kamata mu san ko wane ne shi. A duniya akwai jemagu iri fiye da 1,400, amma iri biyu ne muka fi saduwa da su. Akwai ƙaramin nan da waɗansu suke kira birbiri, shi ne mai shiga silin da tsagar bango. Abincinsa ƙwari ne. A dare ɗaya yakan ci abin da ya kai sulusin nauyin jikinsa ko fiye, har da sauro da malam-buɗe-littafin dare waɗanda tsutsarsu take ɓata mana amfanin gona. Akwai kuma babban, mai fuska kamar ta ɗan kare, wanda yake rataye a itatuwa yana shan 'ya'yan itace da ruwan fure. Wannan shi ne yake ɗaukar garin fure daga wata kuka zuwa wata da dare. Haka yake yi wa ɗorawa da rimi. Yakan kuma ɗauki 'ya'yan kaɗanya ya yar da ƙwallon a wani wuri, ya tsiro. Uwargida, ran da kika kaɗa miyar kuka kika jefa daddawa, ki tuna akwai hannun jemage a tukunyarki.

Jemage ba makaho ba ne, ba kuwa maye ba ne. Masu shan jini iri uku ne kaɗai, dukansu a Amurka ta Kudu da ta Tsakiya suke, ba ko ɗaya a ƙasashenmu. Mai bi wanda ya ga jemage ya shigo ɗaki, ya fara zargin tsohuwar maƙwabta, ya yi zunubi biyu: ya ji tsoron abin da ba shi da iko, ya kuma yi shaidar zur a kan 'yar'uwarsa.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu ba. A Farawa sura 2 mun ga Allah ya sa mutum cikin gona domin ya yi aikinta, ya kuma kiyaye ta. Karin Magana 12:10 ta auna adalcin mutum da yadda yake lura da dabbarsa. A Maimaitawar Shari'a 22:6-7 an hana Isra'ilawa su haɗa uwar tsuntsu da 'ya'yanta su kwashe. Mulkin da aka ba mu na wakili ne, wakili kuwa zai ba da lissafi. Amma wannan Littafi, a Littafin Firistoci 11:19, ya lissafta jemage cikin abin da Isra'ilawa ba za su ci ba. Yana da wurinsa, muna da namu. Tausayi bai ce mu kwana ɗaki ɗaya da shi ba. Busasshen kashinsa yana iya haifar da ciwon huhu ga wanda ya shaƙi ƙurarsa, cizonsa kuma yana iya sa cuta 'yar'uwar ta mahaukacin kare. A tsibirin Ikko aka fara gano irin wannan ƙwayar cuta a jikin jemage, a 1956.

Ga yadda muka yi a karo na biyu, muka kuwa yi nasara.

Na fari, mu zaɓi lokaci. A ƙasashenmu ƙananan jemagu sun fi haihuwa da damina, sa'ad da ƙwari suka yi yawa. Ɗan jemage yakan yi makonni bai iya tashi ba. In muka toshe rami a lokacin, uwa tana waje, 'ya'ya suna ciki, za su mutu da yunwa, su ruɓe bisa kanmu. Saboda haka a bari sai tsakiyar rani, ko lokacin hunturu. Ko a sa'an nan ma, in an leƙa an ga ƙanana marasa gashi, a dakata.

Na biyu, mu nemi ƙofarsu. Da faɗuwar rana a sa mutum a kowace kusurwar gida, a zuba ido ga bakin rufi. A yi haka maraice biyu ko uku. Yara suna jin daɗin wannan aiki ƙwarai, sun kuwa fi mu ido. Ramin da ɗan yatsa ƙarami zai shiga ya ishi birbiri. Sau da yawa za a ga baƙin maiƙo a bakin ramin, da kashi a ƙasa daidai wurin.

Na uku, da rana a toshe dukan sauran ramuka da siminti, ko katako, ko ragar waya mai ƙananan idanu. A bar babbar ƙofar da suka fi bi.

Na huɗu, a yanko tsohon gidan sauro ko leda mai kauri, a kafa shi da ƙusa a bisa ramin da gefe biyu, a bar shi ya sauko kamar kamu ɗaya ƙarƙashin ramin, ƙasansa a buɗe. Jemage zai sulale ya fita ta ƙasa, amma in ya komo da asuba ba zai gane hanya ba. A bar shi haka kwana bakwai, gama ba dukansu suke fita kowane dare ba.

Na biyar, in an tsaya maraice biyu ba a ga mai fita ba, ba a kuma ji motsi ba, sai a cire ragar a toshe ramin sarai. Sa'an nan a kwashe kashin. A yayyafa masa ruwa tukuna domin kada ƙura ta tashi, a rufe hanci da baki da kyau, a sa safar hannu ko leda. Kada a aiki yaro, ko mai ciki, ko mai tari. Kashin taki ne mai ƙarfi, a binne shi a gona. Mu kam mun ƙara da roƙon kafinta ya yi mana siririn akwati mai buɗaɗɗen ƙasa, muka kafa bisa dogon itace can bayan fili, domin korarrun su sami masauki, su ci gaba da cin sauronmu.

In guda ɗaya ne ya ɓata hanya ya shigo ɗaki, a fitar da yara, a buɗe taga, a rufe ƙofar ciki, a yi shiru. Shi ma fita yake nema. In ya sauka, a kifa masa kwano, a zura kwali ta ƙarƙashi, a kai shi waje a sake shi a jikin itace. Kada a taɓa shi da hannu kawai. Wanda jemage ya ciza ko ya yagusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, ya tafi asibiti a ranar, ko da ciwon bai fi tsinin allura ba. Kada kuma a yi musu hayaƙin barkono a cikin jinka. Gidaje sun ƙone ta haka.

Wannan dabara ta rufe ƙofa ita ce maganin sauran baƙin ma. Ku tuna da ɓera. Zazzaɓin Lassa ya sami sunansa daga garin Lassa a ƙasar Borno, inda ya kama ma'aikaciyar jinya ta mishan a 1969. A 1970 ya kashe Dokta Jeanette Troup a Jos, tana cikin hidimar marasa lafiya. Ɓera ne yake yaɗa shi ta fitsari da kashi a kan abinci. Don haka a zuba hatsi da gari cikin abin da yake da murfi, a wanke kwanuka kafin a kwanta, a kai juji nesa da ɗaki, a toshe ramukan gindin bango, kada kuma a bar shanya a ƙasa ta kwana. Inda ba abinci, ɓera ba ya zama. Inda ba ɓera, maciji ba shi da abin da ya kawo shi. A nome ciyawar da ke kewaye da gida, a jera itacen wuta nesa da ƙofa, a fita da takalmi da tocila da dare. Mujiya kuma da muke jifa saboda camfi, ɓeraye take ci dukan dare. A bar ta a kan itacenta.

Ba mu ce ba za a taɓa kashe kome ba. In kububuwa ta shiga ɗakin da yara suke kwance, ran ɗan adam ne gaba. Amma yawancin kisan da muke yi na tsoro ne da ragwanci, gama fesa guba ya fi hawa tsani sauƙi. Yaranmu kuwa suna kallo. Yaron da ya saba harbin kowane mai rai da danƙo domin wasa, zuciyarsa tana koyon wani abu. Wanda ya ga mahaifinsa ya jira har ƙananan jemagu su iya tashi kafin ya toshe rami, shi ma ya koyi wani abu, wanda ba za mu iya rubuta masa a allo ba.

Ga aikin wannan wata. Maigida, ka tara iyalinka da maraice ɗaya, ku zaga gidanku, ku ƙidaya tsagogin da ke jikinsa. Dattawa, ku yi haka ga majami'a da ɗakunan makaranta tun ruwa bai sauko ba. Ajinmu na huɗu yana nan lafiya har yau, ba wari, ba tsiwa, da almuru kuwa muna ganin tsofaffin baƙinmu suna shawagi bisa fili.

Ubangiji ya kiyaye gidajenku. Sai wata mai zuwa, in ya yarda.