Baƙin rami a Janeba, buhun siminti a Kalambaina

Ranar wata Asabar muna tafe kan hanyar Kalambaina, mun maƙale a bayan tireloli masu lodin siminti, sai ɗan ƙanwata da ke shirin shiga jami'a ya miƙo mini wayarsa. "Kawu, wai gaskiya na?" Wani gajeren bidiyo ne da aka yi wa fassarar Hausa, mai magana yana rantsuwa cewa Turawa sun haƙa rami a ƙarƙashin ƙasarsu suna ƙera "baƙin rami" da zai haɗiye duniya, kuma suna tara wani abu da cokali ɗaya nasa zai shafe nahiya. Ban yi masa dariya ba, domin a cikin zancen akwai gaskiya, sai dai an cire mata sikeli. Na ce masa ya bari mu auna ta da abin da ke gabanmu, wato buhun siminti.

Mu fara da abin da ake cewa ana tarawa. A 1928 wani masanin Ingila, Paul Dirac, ya rubuta lissafin da ke bayyana halin ilektiron, ƙwayar nan da ke gudu cikin wayar lantarki. Lissafin ya nuna cewa ƙwayar tana da tagwai: nauyinsu ɗaya, amma cajinsu akasin juna ne. A 1932 Carl Anderson ya ga sawun wannan tagwai a Amurka, aka sa masa suna fositiron. Daga baya aka gane kowace ƙwaya tana da irin tata. Ni kishiya nake kiranta, kuma ban san kishi mai tsanani kamar wannan ba, don idan ƙwaya ta haɗu da kishiyarta dukansu biyu ɓacewa suke yi, nauyinsu kacokam ya koma makamashi.

Kalmar "kacokam" ita ce ta raba wannan da kowace irin wuta da muka sani. Masana'antar simintin Kalambaina, wadda ta fara aiki tun 1967, tana gasa dutsen farar ƙasa da yumɓu a tanderun da zafinsa ke kaiwa wajen digiri 1,450. Duk wannan ƙuna, abin da ke komawa zafi daga nauyin makamashin da aka ƙona bai kai kashi ɗaya cikin biliyan ba. Amma da za a haɗa giram ɗaya na abu da giram ɗaya na kishiyarsa, zafin da zai fito ya kusa ninka bam ɗin Hiroshima sau uku. A ma'aunin garinmu, zai isa gasa simintin buhu kusan miliyan ɗaya. Har nan mai bidiyo bai yi ƙarya ba.

Abin da ya ɓoye shi ne babu wanda ke da giram ɗin. Babu ma'adinin kishiya da za a haƙo kamar yadda ake fasa dutse a Kalambaina. Sai an ƙera ta ƙwaya-ƙwaya, kuma lantarkin da ake kashewa ya ninka abin da za a samu sau miliyoyi. Cibiyar CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, kusa da Janeba, ta fara haɗa zarrar haidurojin ta kishiya a 1995, guda 9 kacal. A 2011 aka yi murna don an riƙe wasu na daƙiƙa 1,000 cikin tarkon maganaɗisu ba su taɓa bango ba. Duk abin da ɗan Adam ya ƙera a irin waɗannan cibiyoyi tun farko bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na giram ba. Wanda ya zo maka da zancen bam ko tashar lantarki ta kishiya, tambaye shi inda zai samo man.

Sai baƙin rami. Sunan yana ruɗarwa, domin ba rami ba ne irin na gini. Nauyi ne da aka matse cikin wuri ƙanƙane har ƙarfin jansa ya hana komai fita, ko da haske ne. Da za a matse rana ta zama haka, nisan tsakiyarta da bakinta zai zama kilomita 3. Duniyar nan tamu kuwa, da tekunanta da duwatsunta, ba za ta kai goro ɗaya ba. Duniya tana yin siminti kimanin tan biliyan 4 a shekara. Ɗauki rubu'insa ka matse, za ka samu baƙin rami mai girman furoton guda, wanda ko madubin likita ba ya gani. Irin waɗannan ƙananan, wasu masana suna zaton an yi su a farkon halittar sararin samaniya, amma har yau ba a kama ko ɗaya ba.

A 1974 Stephen Hawking ya kawo lissafin da ya juya tunanin kowa. Ya nuna cewa baƙin rami yana tsiyayar da zafi a hankali, kuma gwargwadon ƙanƙantarsa gwargwadon zafinsa. Babba sanyi ƙalau yake, yana daɗewa. Ƙarami kuwa garwashi ne mai cin kansa: yana ramewa yana ƙara zafi, yana ƙara zafi yana ƙara ramewa, har ya ƙare. Ba a taɓa ganin wannan tsiyaya da na'ura ba, lissafi ne, kodayake lissafi ne da akasarin masana suka gamsu da shi. A nan ne batutuwanmu biyu suka haɗu, don ƙaramin rami mai zafi yana fesar da ƙwayoyi da kishiyoyinsu ba tare da fifita ɗaya ba. Haka nan wajen ci: ka jefa masa abu ko kishiyar abu, ƙiba kawai zai yi. Yaron nawa ya tambaya ko za a iya kashe baƙin rami da wani ramin da aka yi da kishiya. Ba za a iya ba. Za su haɗe su zama ɗaya mafi girma, domin ko da an yi ɓacewar a ciki, hasken da ta haifar ba shi da ƙofar fita, kuma makamashi ma nauyi ne da shi.

To ina zancen ƙera shi a Janeba? Na'urar da ake magana zobe ce mai kewayen kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, an kunna ta ranar 10 ga Satumba 2008. Tsoron ba sabo ba ne. A wannan shekarar wasu mutum biyu sun kai ƙara kotu a Hawayi ta Amurka don a hana kunna ta, kotu ta kori ƙarar. Na'urar tana gwara furoton da furoton, kuma ƙarfin kowane karo bai wuce na sauro goma sha wani abu suna shawagi ba. Abin mamakin shi ne tattara wannan ƙarfi a wuri mitsitsi, ba yawansa ba. Wasu nazariyyoyi sun ce idan sarari yana da ɓoyayyun fuskoki bayan tsawo da faɗi da zurfi, irin wannan karo zai iya haifar da ɗan rami da zai ƙafe nan take. An yi shekaru ana dubawa, ba a gani ba.

Hujjar da ta fi kwantar mini da hankali ma ba ta dogara da Hawking ba. Ƙwayoyi masu gudu daga sararin sama suna dukan iskar duniya dare da rana, wasunsu da ƙarfin da ya fi na na'urar Janeba nesa ba kusa ba, kuma sun shafe biliyoyin shekaru suna yi. Suna dukan wata, suna dukan rana. Dutsen da ake fasawa a Kalambaina ya kwanta ne a ƙasan wani teku marar zurfi kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, shi ya sa ake tsintar ɓawon halittun ruwa a cikinsa. Tun daga lokacin ake wannan ruwan ƙwayoyi a kansa, ga shi nan muna gina ɗakuna da shi.

Abin da ya fi ba yaron mamaki shi ne da na ce masa kishiyar tana jikinsa. Sinadarin fotashiyam da ke cikin ayaba da wake da tokar murhu da takin zamani, har da yumɓun da ake zubawa a tanderun siminti, yana da wani ɗan kaso da ke rushewa da kansa, kuma jefi-jefi yakan saki fositiron. Jikin babban mutum yana sakin kusan 4,000 a yini. Kowane ɗaya yana cin karo da ilektiron nan da nan, su ɓace, mutum bai ko yi atishawa ba.

Wannan ɓacewar ce likitoci suka mayar abin aiki, kuma nan ne batun ya shafe mu kai tsaye. A hoton asibiti da ake kira PET, ana yi wa majiyyaci allurar sukari da aka liƙa wa sinadarin fulorin-18 mai sakin fositiron. Ƙwayoyin ciwon daji sun fi lafiyayyu haɗamar sukari, don haka nan yake taruwa. Duk fositiron da ya fito ya haɗu da kishiyarsa, sai haske biyu su tashi, ɗaya gabas ɗaya yamma, zoben na'ura ya kama su, kwamfuta ta ja layi ta nuna inda cutar ta ɓuya da inda ta yaɗu. Na san gidan da aka rubuta wa mahaifiyarsu wannan hoto, 'ya'yan suka yi ta jan ƙafa don sun ji kalmar nukiliya, alhali abin da ya kamata ya dame su kuɗin tafiya ne da nisan wurin.

Nisan kuwa yana da dalili na kimiyya. Fulorin-18 yana raguwa da rabi duk minti 110. Idan aka ɗauko shi a mota aka yi tafiyar sa'a 9, abin da zai iso kimanin kashi 3 cikin 100 ne kacal. Ba magani ba ne da za a sayo a ajiye a kanti. Dole na'urar da ke ƙera shi ta kasance kusa da majiyyaci, da lantarkin da ba ya ɗaukewa, da masana fiziks da za su tashi da asuba su haɗa na ranar. Mun wuce ƙofar masana'anta ke nan yaron ya tambaye ni wane darasi ake karantawa kafin a iya wannan aikin, na ce masa ya fara da gyara makinsa na lissafi.