Ra'ayinmu: Me Ya Haɗa Malamin Firamare da Taron Ƙetare?

Duk ƙarshen wata, kafin albashi ya shigo hannu, an riga an cire kuɗin ƙungiya. Shi ya sa a tarurrukan reshe ba a rasa mai miƙewa ya yi tambaya: don me shugabanninmu na ƙasa suke halartar tarurruka a ƙetare, alhali ga ajujuwa babu kujeru, ga ƙarin girma ya maƙale? Tambaya ce mai kyau, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. Amsarmu ita ce, da yawa daga cikin shawarwarin da ke taɓa ajinmu a waje ake fara ƙulla su, kuma wanda ba ya wurin da aka yi rabo, sai dai ya karɓi abin da aka bar masa.

Waɗanda suka girme mu a aiki ba su manta da shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ba, wanda aka tsara bisa shawarar Bankin Duniya da asusun IMF. Darajar naira ta faɗi, albashi ya daina kai malami ƙarshen wata, ƙwararru da dama suka ajiye alli. Malamai ba su da kujera a teburin da aka yanke wannan shawara, amma sun sha wuyarta.

Akwai kuma abin da aka samu da malamai suka yi magana da murya ɗaya. Ranar 5 ga Oktoba 1966, a birnin Faris, aka amince da takardar shawarwari kan matsayin malamai, wadda hukumar UNESCO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, suka shirya, bayan ƙungiyoyin malamai sun daɗe suna neman haka. Ta yi bayani kan horo, albashi, yawan ɗalibai a aji, da haƙƙin malamai na a tuntuɓi ƙungiyoyinsu kafin a tsara manufar ilimi. Don tunawa da ita ake bikin Ranar Malamai ta Duniya tun 1994. A bikin wannan rana na 2020 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da ƙara wa'adin ritayar malamai zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, abin da ya zama doka a 2022. NUT ce ta yi fafutukar a gida, amma ranar da ta sa gwamnati tsayawa gaban malamai ta yi alkawari, daga waje ta samo asali.

Misali na biyu ya fi kusa da tukunyarmu. A 2016 gwamnatin Laberiya ta fara miƙa wasu makarantun firamare na gwamnati ga kamfanoni masu zaman kansu. A shekarar ce kuma Yuganda ta ba da umarnin rufe makarantu 63 na kamfanin Bridge. Ƙungiyoyin malamai na Laberiya, Yuganda da Kenya sun kai kukansu ga Education International, uwar ƙungiyar malaman duniya da aka kafa a 1993, wadda NUT ke cikinta. Ta ɗauki nauyin bincike, ta haɗa kai da ƙungiyoyin kare haƙƙi, aka matsa wa masu ba da kuɗin lamba. A 2020 hukumar IFC, reshen Bankin Duniya mai zuba jari a kamfanoni, ta dakatar da sa kuɗi a makarantun firamare da sakandare na neman riba, a 2022 kuma ta janye jarinta daga Bridge. Ƙungiyar ƙasa ɗaya ba ta da ƙarfin girgiza irin wannan hukuma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Takardar 1966 shawara ce, ba ta tilasta wa kowace gwamnati. Ko dokar ritaya ta 2022 ba kowace jiha ce ta yi hanzarin aiki da ita ba, kuma albashin malamin firamare yana nan rataye da asusun ƙananan hukumomi. Abin da aka samo a waje makami ne kawai. Idan reshe bai ɗauke shi ya kai gaban sakataren ilimi da hukumar SUBEB da majalisar jiha ba, zai ci gaba da kwana a takarda.

Saboda haka muna da kira biyu. Ga shugabanni: duk wanda ya je taro da kuɗin ƙungiya, ya dawo ya yi wa rassa bayani dalla-dalla, da harshen da kowa zai gane. Ga 'yan uwa malamai: mu riƙa zuwa taron reshe da alƙaluma a hannu, yawan yara a aji, watannin da ake bin bashi, shekarun da aka yi ba ƙarin girma. Da irin waɗannan hujjoji ne wakilanmu ke yin magana a Abuja da ƙetare har a saurare su.

Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya sa albarka a aikinmu.